Ajiyar Sammani Mai Makulli

A ƙauyenmu Gidan Sada, wanda yake bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, idan mutum ya gaji da kai kaya gida da yamma da dawo da su gona da safe, ba ya dogon tunani, wurin Malam Sammani yake kaiwa. Injin ban ruwa, injin feshi, keke, ragowar buhun taki, duk a rumfarsa suke kwana. Har makullin ɗakin wani ango na taɓa gani rataye a can, domin angon bai yarda da aljihunsa ba. Ana ce masa Sammani Mai Makulli, kuma ban taɓa jin ya yi alfahari da wani abu ba sai magana guda. Yakan ce tun da yake, ba a taɓa ba shi ajiya ta ɓata ko ta lalace a hannunsa ba. Ba shi da dukiya, ba shi da sarauta, karatunsa bai wuce na sauke farali ba. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara.

An haife shi tun kafin ruwan madatsar Tiga ya iso ƙasarmu, lokacin da gero da dawa ne kaɗai noma, idan an yi girbi kuma samari su tafi cin rani. Da aka haƙa kanal aka fara noman rani, sai aka ɗauke shi aikin kula da ƙofar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyenmu. Ƙofar ƙarfe ce mai sitiyari a sama, ana murzawa ta ɗaga, ana ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo. Shekara ashirin da huɗu makullin yana rataye a wuyansa. Dattawa suna ba da labarin ranar da ƙanensa Ibrahimu ya zo yana roƙo a sakar masa ruwa, albasarsa tana mutuwa, alhali ranar ba tasa ba ce. Malam Sammani ya hana shi. Da la'asar sai aka ga shi da kansa yana ɗibar ruwa da bokiti daga kanal yana kaiwa gonar ƙanen nasa, har rana ta faɗi. Ƙofar kuwa bai taɓa ba.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Duk abin da ka ba shi ajiya, sai ya naɗe shi. Inji ya sa masa buhu, keke ya lulluɓe masa sirdi da sarƙa, rediyo ya ƙunshe ta a tsumma kamar jaririn da ake tsoron sanyi ya kama. Idan aka zolaye shi, sai ya ce ai ba ɓarawo ne kaɗai ke cin kaya ba, rana tana ci, ƙasa tana ci, su kuma ba a kai su gaban mai gari.

A ɗakinsa akwai wata jakar fata rataye a bango. A shekarar babban fari, wani Bafulatani da zai yi kudu da sauran shanunsa ya ba shi ita, ya ce ya riƙe masa sai ya dawo da damina. Bai dawo ba. Malam Sammani bai san garinsu ba, bai san danginsa ba, bai kuma taɓa kwance bakin jakar ba. Kowace shekara idan bazara ta kama, yakan sauko da ita ya shafa mata man shanu don kada fatar ta tsage, ya mayar. Shekara talatin da biyar yana yi. Na taɓa tambayarsa ko ba ya son ya san abin da ke ciki. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Musbahu, riƙo aka ba ni, ba dubawa ba."

Ni ne Musbahun. Ni ne kuma mutum ɗaya tilo da ya taɓa ce wa Malam Sammani ya ci amana. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan.

A shekarar 2008 ina karatun digiri na biyu a fannin ilimin yanayin ƙasa, kuma abin da na zaɓa in bincika shi ne guguwa. Ba babbar iskar hadari ba, wannan 'yar siririyar da ke tashi da tsakar rana a bazara, ta yi ta juyawa a fili tana kwashe kara da leda, ta mutu bayan 'yan mintuna. Ina so in san sau nawa take tashi a yini, da wane lokaci, da kuma dalilin da ya sa ta fi son wurin da busasshiyar ƙasa ta haɗa iyaka da gonar da aka shayar. Irin wannan wurin kuwa a ƙasarmu ya fi a ƙirga, musamman bayan an yanke alkama.

Mutum ba zai iya zama cikin zafin ranar Maris da Afrilu wata biyu yana zura wa fili ido ba. Malamin da ke duba aikina ya ba ni shawara in sa kyamara ta yi mini zaman. Na'urar da aka yi don wannan aiki ta fi ƙarfina, don haka na sayi ƙaramar kyamara ta hannu a wurin 'yan gwanjo. Wani mai gyaran rediyo a Kura ya haɗa mini ɗan abin da zai riƙa danna ta duk bayan rabin minti, ya jona da batirin babur. Muka zuba su duka a cikin kular abinci, muka huda gefenta muka manna gilashi. Idan aka jera hotunan a kwamfuta aka sake su da gudu, yini guda sai ya wuce a gabanka cikin minti ɗaya. Ina ji da wannan kula kamar ni na ƙirƙiro jirgin sama.

Na kafa ta a kan dirka kusa da rumfar Malam Sammani, tana kallon filin shanya, inda mutane ke baza yankakken tumatir ya bushe ya zama kauɗa. Bayan filin akwai gonakin alkamar da aka yanke, bayansu kuma kore shar na masara. A lokacin ya daɗe da barin aikin ƙofa, amma bai bar rumfar ba. Aikin da na roƙe shi kaɗan ne: ya kunna da hantsi, ya kashe da la'asar, ya kore shanu.

Ya zagaya kular sau biyu kafin ya yi magana.

"Hoton me take ɗauka?"

A nan na yi kuskurena na farko. Kunya na ji. A ƙauyenmu da yawa suna cewa aljanu ne ke tafiya a cikin guguwa, idan ta taso a yi a'uziyya a kauce. Na san idan aka ji ɗan gidan Malam Usaini, wato ni, ya gama jami'a ya dawo yana farautar hoton guguwa, to sunan da za a sa mini ba zai goge ba har jikokina. Sai na ce, "Hoton fili ne kawai, Baba. Aikin makaranta ne."

"To, me take tsoro? Kowane inji da abin da yake tsoro."

"Ƙasa, Baba. Idan ƙasa ta shiga cikinta, ta gama aiki. Amana ce na bar maka."

Ya gyaɗa kai. Na hau babur na koma birni ina jin na iya tsara al'amari.

Duk bayan mako biyu nakan zo in cire katin da hotuna ke taruwa a ciki in sa wani. Nakan leƙa hoto biyu uku a ɗan madubin kyamarar, in ga fili ya fito tas, in ce madalla. Ba ni da kwamfuta tawa, kuma ta aro ba ta samu ba sai da na tara kati biyu, aikin mako huɗu cif. Ranar da na samu, na zauna na saki hotunan da gudu.

Ga abin da na gani. Fili fetal, rana tana tafasa. Can sai wani abu fari ya bayyana a gefe, hoto na gaba ya matso, na gaba ya zama mutum da gudu, riga tana tashi. Sai fuskar Malam Sammani ta cika hoton, gemu, gumi, ido a zare. Daga nan sai baƙi. Baƙi na minti biyar, wani lokaci goma. Sai haske ya dawo, fili fetal kamar ba a yi komai ba. Na wuce wata ranar, haka. Na wuce wata, sau huɗu a yini ɗaya. Duk lokacin da guguwa za ta tashi, sai ya rugo ya lulluɓe kyamarar da buhu. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne gwanintarsa, domin ko jelar guguwa ɗaya bai bari ta shiga hoto ba. Tun kafin ta ɗaga kara guda ya riga ya ji ta a jikinsa.

Ina da zuciya, tun ina ƙarami aka sani. A zaune a wurin na bi hotunan fuskarsa da baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya na goge su duka. Washegari na ɗauki babur. Daga birni zuwa Gidan Sada tafiya ce da ta isa mai hankali ya huce. Ni ƙara zafi na yi.

Na iso an idar da azahar. Mutane wajen goma sha biyar suna zaune a inuwar darbejiyar da ke gaban rumfarsa, yawancinsu sa'annin mahaifina. Ban tsugunna ba. Sallamar ma a tsaye na yi ta.

"Baba, wa ya ce ka riƙa rufe mini kyamara?"

Ya ɗago yana murmushi, yana tsammanin godiya na zo yi. "Ai guguwar bana ba ta da kunya, Musbahu. Amma ko ƙwayar ƙasa ɗaya ba ta shiga ba, buɗe ka gani."

"Guguwar nake nema. Saboda ita na kafa abin. Wata guda ka lalata mini, shekarata ta tafi. Na ba ka amana ka ci amanata."

 Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, Musbahu," a hankali. Ni kuwa bakina ya riga ya tsinke, na ƙara da cewa, "Kada in sake ganinka a gabanta. Ko gobara ce ta tashi, kada ka shiga."

Malam Sammani bai ce ai kai ka ce mini tana tsoron ƙasa ba. Bai ce ai ba ka gaya mini abin da kake nema ba. Duk gaskiya ce, kuma da ya faɗa da an gama da ni a wurin. Ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Malam Musbahu," ya ce. Bai taɓa kirana Malam ba, a gabansa aka yanka ragon sunana. "Zo ka nuna mini iyakar idonta."

Na riƙe kyamarar ina kallon madubi, shi kuma yana tafiya a gefen filin, ina ce masa matsa, ƙara matsawa, to nan ba ta ganinka. Ya ja layi da sanda tun daga gindin dirkar har bakin kanal. Ya tsinto duwatsu ya jera a kan layin. Mutane suna kallo. Da ya gama ya kaɗe hannunsa ya ce, "Saura kwana nawa?" Na ce mako uku, kafin hadari ya fara haɗuwa. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, mahaifina ne ya gaya mini, kuma bai gaya mini cikin daɗin rai ba. A cikin makon nan Malam Sammani ya kwashe duk kayan da ke rumfarsa ya mayar wa masu su. Ya tura kekuna gida gida. Injinan da ba zai iya ɗauka ba ya yi aron baro. Kowa ya roƙe shi, wasu har da rantsuwa cewa maganar yaro ce, wa zai ɗauka. Amsarsa ɗaya ce. Ya ce an faɗa a gaban mutane cewa ya ci amana, kuma wanda ya faɗa bai janye ba, saboda haka bai halatta ya kwana da kayan kowa ba. Abu biyu kawai ya rage a hannunsa: kyamarata, domin wa'adinta bai cika ba, da jakar Bafulatani, domin babu wanda zai mayar wa.

Mahaifina ya ce in je in ba shi haƙuri a inda na yi masa rashin kunyar. Na ce to. A raina kuwa na ce sai na ga abin da katin ƙarshe ya kawo tukuna.

A makon ne kuma malamina ya tambaye ni labarin aiki, na kwashe duka na gaya masa ina neman ya taya ni jin haushi. Ya cire tabarau ya ce, "Ka ce duk sanda guguwa za ta tashi sai ya rufe? Kuma kowane hoto yana ɗauke da lokacinsa? To ai ƙidayarka ke nan. Kowane baƙi guguwa ɗaya ce, da sa'ar da ta tashi da tsawon da ta yi. Tsohon nan ya yi maka aikin da kyamarar ba za ta iya ba. Kawo in gani." Na ce na goge. Ya mayar da tabaraunsa ya koma kan aikinsa.

A shekarar tumatir ya yi yawa. Farashin kwando ya faɗi warwas, motocin kudu suka ƙoshi, aka bar manoma da jan kaya yana ruɓewa a bakin titi. Mai dabara sai ya yanka ya shanya, ya ajiye kauɗa sai damina ta yi tsada. Malam Sammani yana da 'yar gona da ba ta kai rabin eka ba, kuma ita ce abincinsa na shekara. Shi da 'yarsa Baraka, wadda ke aure a nan cikin ƙauyen, suka yi kwana uku suna yanka. Kowane gida yana da inda yake shanya a filin tun kaka da kakanni, nasa wurin kuwa a tsakiyar idon kyamarata yake. Sai ya riƙa shiga da sassafe kafin ya kunna, ya baza, ya juya, ya fita. Ba ya sake taka wurin sai ya kashe da la'asar.

Yadda ake yi idan guguwa ta nufo shanya kowa ya sani. A ruga da tamfol ko buhuna a rufe, a danne gefe da duwatsu, in ta kama mutum ya kwanta a kai. Mai jin ta da wuri kamar Malam Sammani ba ya asara. Shekara da shekaru shi ne ma yake yi wa sauran kururuwa su fito.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, ƙauye ya watse, wasu kuma sun riga sun kwashe tasu shanyar. Tasa ce kaɗai ta rage, saura yini ɗaya ta gama bushewa. Hoto goma sha huɗu kyamarar ta ɗauka na abin, minti bakwai, kuma na kalle su har na haddace.

A na farko babu komai sai fili da jan shimfiɗar tumatir. Ƙarfe biyu da minti arba'in. A na biyu, a kusurwar ƙasa ta hagu, daidai kan jerin duwatsun, inuwar mutum ta shigo. Rana ta karkata yamma, shi yana tsaye a bayan layi, inuwarsa ce kawai ta tsallaka. Ana ganin hular, ana ganin wani abu naɗe a hammata, tamfol ne. Har lokacin babu alamar guguwa a ko'ina, shi kaɗai ya san tana zuwa. Sai a na huɗu ƙasa ta fara motsi can cikin karan alkama. A na shida ta miƙe tsaye, ta fi darbejiya tsawo. A na bakwai ta karkato ta nufo fili. Daga inda yake zuwa shanyarsa bai fi taku ashirin ba, kuma yana da minti uku cur a hannunsa tun daga hoto na biyu. Mutumin da na ga yana gudu a hotunan da na goge, rabin minti ya ishe shi.

A na takwas inuwar ta ɗaga hannu ɗaya. Ban sani ba ko addu'a yake yi, ko fuskarsa yake karewa. A na tara guguwar ta hau shanyar, ta zama ja tun daga ƙasa har sama. A na goma sha biyu ta tsallaka kanal ta zubar da abin da ta ɗauko a ruwa da cikin ƙaya. A na goma sha huɗu fili ya koma fetal, an share shi kamar da tsintsiya. Inuwar tana nan inda take, tamfol yana hammata. Ko tsinin takalminsa bai shiga hoton ba.

Bayan kwana biyu na zo cire kati, ban san komai ba. Na tarar da shi shi kaɗai a rumfar da babu komai a cikinta sai tabarma da buta. Na gaishe shi, wannan karon a tsugunne. Ya ce, "Malam Musbahu, shekaranjiya wata babba ta wuce. Duba ko ta fito."

Na buɗe kular na bi hotunan a ɗan madubin. Na ga jan ginshiƙin, ba zan ɓoye ba, murna ce ta fara zuwa. Sai na ga inuwar. Na ɗaga kai na dubi filin, na dubi jerin duwatsun, na gane tumatirin wa ya rina mini hoto.

"Ta fito?" ya sake tambaya.

"Ta fito, Baba."

"Ba na ciki?"

"Ba ka ciki."

"To, alhamdu lillahi." Ya kwance kular daga dirka da hannunsa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya naɗe ta a buhu ya miƙo mini. "Ga ajiyarka. Ka duba da kyau kafin ka tafi."

Na ce ya yafe mini. Na faɗa da gaske. Ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na san bai yi ƙarya ba. Na ce zan biya shi kauɗarsa, ya ce ba ni na kwashe ba, iska ce. Amma mu biyu ne kaɗai a wurin, darbejiya babu kowa. Maganar da na yi a gaban mutum goma sha biyar, a gaban buta na janye ta. Na san bai isa ba, shi ma ya sani, amma bai nema ba, domin ba halinsa ba ne. Na ce a raina ranar Juma'a mai zuwa zan dawo in faɗa bayan an sauko daga masallaci. Juma'ar ta zo ina rubutu. Ta gaba ina gyara. Hotunan nan goma sha huɗu suka zama ƙashin bayan aikina, aka haska su a bango ranar da na kare shi, manyan malamai suna jinjina kai. Wani ya tambayi me ya sa guguwar ta yi ja. Na ce tumatir ne, aka yi dariya. Babu wanda ya lura da kusurwar hagu.

Damina ta sauka, babu wanda ya iya sa Malam Sammani ya karɓi ko da fartanya. An ce yakan zo rumfar kullum ya zauna, ya yi alwala, ya koma. A watan Agusta zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, ya rasu. Ina birni aka bugo mini, kafin in iso an kai shi.

A zaman makoki na miƙe a gaban mutane na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun watanni huɗu baya. Na ce ni na ɓoye masa abin da nake nema, ni na ce masa tana tsoron ƙasa, bai ci amanata ba, ni na zalunce shi. Aka saurare ni. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ƙanensa Ibrahimu bai dube ni ba, ya ce, "Mu ai mun sani tun ranar. Shi ne yake jira ya ji."

Rana ta uku Baraka ta aiko a kira ni. Na tsaya a zaure, ta zo bakin ƙofa da mayafi. Ta ce, "Yaya Musbahu, an ce na'urarka ta ɗauki Baba sau da yawa. Ka san shi bai taɓa zama an yi masa hoto ba. Ko ɗaya ne ka wanko mini, in nuna wa yara."

Fuskarsa ta fito a katina fiye da sau sittin, kusa da kusa, har ana iya ƙirga furfurar gemunsa. Na tsaya a zauren nan na gaya mata abin da na yi da su. Na ce abin da ya rage inuwa ce. Ta ce in kawo inuwar.

Na juya zan tafi ta ce in dakata. Ta shiga ta fito da wani abu naɗe a tsohon zane, ta ajiye a ƙasa tsakaninmu. Tun kafin ta buɗe na ji ƙamshin man shanu.

"Ya ce a ba ka. Ya ce duk ƙauyen nan kai kaɗai ya ga ranka ya ɓaci a kan ajiya kamar yadda nasa zai ɓaci, don haka za ka iya riƙewa. Ya ce mai ita dogo ne, yana da tsagar goshi, in ya zo ko ɗansa ya zo, ka ba shi. Ya ce kuma kada ka buɗe."

Na so in ce ban cancanta ba, amma wanda zan ce wa ba ya nan. Na ɗauka.

Jakar tana rataye a ɗakina yanzu, kusa da hoto na takwas. Matata ta taɓa girgiza ta ta ce kamar akwai wani abu mai ƙara a ciki, na ce ta mayar inda ta ɗauko. Bana ma da bazara ta kama na sauko da ita na shafa mata mai. Fatar ta fara tsagewa ta wajen maɗaurin, sai na ƙara mata a wurin.